Ribas

Shekara talatin da ɗaya
kujerar hagu ce tawa.
Ni ce mai taswira, ni ce mai fulas ɗin shayi,
Torquil ne mai sitiyari,
shi da ɗan ɗakinmu mai taya biyu
da ya ƙera da katako a gareji,
ya shafe shi da fenti ruwan ƙwai.

Bana hannunsa na dama ya kwanta,
harshensa ya bi hannun.
Likita a Inverness ya ce a bar shi ya huta.
Amma da Yuni ya kama
sai in same shi a bakin taga
yana kallon tamfol ɗin da ya rufe ɗakin
kamar mai kallon karen da aka manta a ɗaure.

Na yaye tamfol.
Na durƙusa kan tsakuwa, gwiwoyina suna ƙara,
na wana mariƙi har bakin ƙarfen ya sauko
kan dunƙulen da ke bayan mota,
ya ce ƙwas.
Na rataya sarƙa, na soka wayar fitilu.
Maƙwabcinmu Ruaridh yana baya yana ihu:
"Birki ya kama! Hagu ta kama!
Dama kuwa kunya take ji!"
Torquil ya nuna tukunyar gas da haɓa,
na matso da ita saitin tayoyi.
Kaya in ya yi baya, ɗaki rawa yake yi.
Na sha jin wannan, ban taɓa saurara ba.

Motarmu ba wata mota ba ce,
ta cefane ce, ta coci da asibiti.
A hawan tudu sai ta yi nishi,
in sauko mata da giya, in lallaɓa ta.
Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta mare mu,
ɗakin ya fara kaɗa jela,
ƙafata ta nufi birki.
Hannunsa na hagu ya tsallako jikinsa
ya dafa gwiwata: a'a.
Na ɗaga ƙafa kawai.
Jela ta kwanta.

Gaba ba ta da wuya, kowa ya iya gaba.
Sai da muka wuce Ullapool,
hanya ta tsuke, tumaki suka hana mu sauri,
muka kai bakin teku da yayyafi.
Mai filin ta nuna mana gurbi
tsakanin wani dutse da famfo,
ta ce a shiga da baya.

Na karya dama, ɗaki ya yi hagu.
Na karya hagu, ya naɗe kamar wuƙar aljihu.
Wasu Jamusawa biyu suka ajiye cokulansu.
Sau shida.
Gumi a wuyana, ƙudajen cizo a gumina.
Na kashe mota, na kifa goshi a sitiyari,
na ce, "Torquil, mu koma gida."

Shiru. Sai ƙarar ruwa a rufin mota.
Sannan ya kamo wuyan hannuna,
ya sauke shi daga saman sitiyari
ya ajiye shi can ƙasa.
Bakinsa ya yi kokawa, ya yi kokawa,
ya fito da kalma ɗaya, a karkace:
"Nan."
Ya tura hannuna hagu,
a madubi na ga ɗakin ya yi hagu.
Ashe ba gardama yake min ba,
ni ce nake masa magana ta sama.

Mun shiga. Ba daidai ba, amma mun shiga.
Ƙarfe goma na dare, rana ba ta gama faɗuwa ba,
buta tana tafasa, tagar ta yi raɓa.
Taya ɗaya tana kan tudu,
kofinsa yana ta zamewa zuwa gefen tebur.
Yana tarewa da hagu, yana sakewa,
yana dariya da rabin baki.
Gobe zan sa katako a ƙarƙashin ɗaya tayar.
Yau na bar masa kofin.